Yadda Ake Loda Saƙonnin Murya a Waya, a Jera Su, a Adana Su

Yawancin iyalan da suka sauka a Ashanti New Town da unguwannin Zangon Kumasi, irin su Aboabo, Asawase da Sabon Zango, da kunne suke samun labari. Sanarwar rajista, ranar awon yara, bayanin makaranta, gaisuwar dangi daga gida, duk ta murya suke zuwa, ko a WhatsApp ko a katin memori. Wannan sauƙi ne babba ga wanda bai yi boko ba, da wanda ya yi karatunsa da Faransanci ya zo ya tarar ana Turanci da Twi, yaren da mutanen Zango ke kira Tonanci.

Sai dai saƙon murya ba shi da fuska. Idan suka taru a waya, na bara da na jiya duk kamarsu ɗaya. Daga nan matsaloli biyu ke fitowa. Ta farko, a saurari tsohuwar sanarwa a ɗauka sabuwa ce, a kashe kuɗin mota, a bar aikin yini guda, a je a tarar ranar ta wuce tuntuni. Ta biyu, waya ta cika, a share komai a lokaci ɗaya don a samu wuri, a haɗa da muryar mahaifi ko kaka da ba za a sake samunta ba. Maganin duka biyun ɗaya ne: kowane saƙo ya samu suna, ya samu wurin zama, ya shiga jerin da ya dace da shi. Abin da za mu bayyana ke nan.

Fayil, folda da jerin sauraro

Fayil shi ne sautin kansa, wato saƙo guda ko karatu guda ko waƙa guda. Folda kamar buhu ce da ake zuba fayiloli a ciki. Jerin sauraro kuwa takarda ce kawai da manhajar sauraro ke rubuta wa kanta: fara da wannan, sai wancan, kuma ga inda kowanne yake ajiye. Babu sauti a cikin jerin, adireshi ne kawai.

Wannan bambanci yana da amfani ta hanya uku. Fayil ɗaya zai iya shiga jeri biyu ko uku ba tare da ya ƙara cin wuri ba. Idan kuka cire saƙo daga jeri, fayil ɗin yana nan a foldarsa. Idan kuma kuka ɗauke fayil daga foldarsa zuwa wata, ko kuka canza masa suna bayan ya shiga jeri, manhajar za ta je tsohon adireshi ta tarar ba kowa, sai saƙon ya ƙi tashi. Don haka tsarin aikin shi ne: a fara da folda, a ba da suna, jeri ya zo a ƙarshe.

Katin memori

Muna ba da shawarar a ajiye sautuka a katin memori maimakon cikin wayar kanta. Waya takan faɗa ruwa, takan lalace, akan sayar da ita ranar matsi. Kati kuwa cire shi ake yi a sa a wata.

Sauti ba ya cin wuri sosai. Fayil ɗin MP3 mai matsakaicin kyau yana cin kusan MB 1 a kowane minti, wato GB 1 yana ɗaukar kimanin awa 17. Katin GB 4 zai ɗauki sama da awa 60. Saƙon murya na WhatsApp ma bai kai haka nauyi ba. Abin da ke cika waya shi ne bidiyo, don haka idan wuri ya ƙare, daga bidiyo za a fara sharewa.

Ga abubuwa uku da za a kiyaye:

1. Kada katin ya wuce GB 32 idan za a sa shi a ƙaramar waya mai madannai ko a sifika. Da yawansu ba sa karanta wanda ya fi haka.
2. Akwai katunan jabu da ke nuna babban wuri alhali cikinsu kaɗan ne. Za su karɓi fayil, amma in an zo saurare sai a tarar ya lalace. Idan kun sayi kati a Adum ko Kejetia ko ko'ina, ku zuba masa abubuwa da yawa, ku saurari na farko da na ƙarshe, kafin ku damƙa masa abu mai daraja.
3. Idan babbar waya ta tambaya yadda za ta yi amfani da katin, ku zaɓi ajiyar da ake cirewa. In kuka bari ta haɗe shi da cikinta, za ta goge shi ta kulle, kuma ba zai ƙara buɗuwa a wata waya ba. Haka nan duk lokacin da kuka ga kalmar "Format" a kan allo, ku dakata. Ma'anarta a wanke katin tas.

Hanyoyin lodawa

Ba sai da data ake loda sauti ba. Waya biyu da ke kusa da juna za su iya tura wa juna ta Bluetooth, ko ta Xender, ko ta Quick Share da ke cikin wayoyin Android. Bluetooth ya fi jinkiri amma har ƙananan wayoyi suna da shi. Daga kwamfuta kuma, da igiyar caji ko da ɗan abin karanta kati ake kwafa.

Saƙonnin WhatsApp suna da nasu hali. Wanda aka danna aka yi magana kai tsaye yana shiga wata folda mai suna WhatsApp Voice Notes, wadda manhajojin sauraro ba sa nunawa a cikin waƙoƙi. Shi ya sa mutum zai ce ya nemi saƙon a wayarsa bai gani ba. Hanyar fito da shi: ku danne saƙon da yatsa a cikin hira, ku zaɓi alamar rabawa, ku ajiye kwafi a foldar da kuka buɗe da kanku. Kada ku bar muhimmin saƙo a cikin WhatsApp kaɗai, domin share hira ko canza waya na iya tafiya da shi.

Folda huɗu sun ishi yawancin gidaje:

- SANARWA: abin da ya shafi rajista, takardu da ranakun zuwa ofis.
- LAFIYA DA MAKARANTA: awon yara, rigakafi, inshorar lafiya, karatun yara.
- KARATU DA NISHAƊI: karatun Alƙur'ani, wa'azi, waƙoƙin coci, shirye-shiryen rediyo, waƙoƙi.
- GIDA: muryoyin dangi.

Suna da kwanan wata

Idan kuka duba saƙon da ya zo ta WhatsApp, za ku ga suna kamar haka: AUD-20250314-WA0007. Lambobin tsakiya kwanan wata ne, shekarar 2025, wata na 3, rana ta 14. Amma a kula: wannan ita ce ranar da saƙon ya sauka a wayarku. Saƙon da aka ɗauka shekara biyu da suka wuce, in wani ya turo muku shi yau, kwanan watan yau zai ɗauka. Saboda haka duk saƙon da muke rarrabawa yana buɗewa da faɗin rana, wata da shekara, da kuma sunan ofishin da ya fitar da shi. Sanarwar da ba ta faɗi ranarta da bakinta ba, kada a tashi tafiya a kanta sai an tambaya.

Wajen canza suna, ku fara da shekara, sai wata, sai rana, sannan abin da saƙon ya ƙunsa. Misali: 2025-03-14 awon yara. Da wannan tsari, waya da kanta za ta jera su daga tsoho zuwa sabo.

Idan darasi ne mai kashi-kashi, lamba ake sa wa, amma da sifili a gaba: 01, 02, 03. Dalili kuwa shi ne na'urori da yawa harafi-harafi suke dubawa, sai su sa 10 da 11 a gaban 2. Wanda ya taɓa loda karatun Alƙur'ani ya ga yadda ake rubuta surorin daga 001 zuwa 114. Wannan dabarar ce. A waƙa, rikicewar jeri ba ta cutar da kowa. A bayanin yadda ake ba yaro magani ko yadda ake cika takarda, jin kashi na goma kafin na biyu kuskure ne mai tsada.

Ga wanda ba ya karatu, lamba kaɗai ta wadatar. A sa wa foldoji 1, 2, 3, 4, kowa a gida ya san 1 sanarwa ce, 4 muryar gida ce.

Haɗa jeri a babbar waya

Kusan kowace manhajar sauraro tana yin jeri. Mun ɗauki VLC a matsayin misali, mai alamar hular kan titi ruwan lemo, domin kyauta ce, ba ta da talla, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma tana buɗe kusan kowane irin sauti. Ɗalibai ne suka fara ta a wata makarantar injiniya a Faransa, kuma ƙungiyar VideoLAN ce ke kula da ita har yanzu. Rubutun kan allo na iya ɗan bambanta daga waya zuwa waya, amma matakan ba sa canzawa:

1. Ku buɗe manhajar, ku shiga sashen sauti, ko sashen da ke nuna foldoji ku nemi taku.
2. A gefen sunan saƙon akwai ɗigo uku. Ku taɓa su.
3. Ku zaɓi "Add to playlist", wato sa shi a jeri.
4. Idan jerin sabo ne, ku rubuta masa suna ku ajiye. Idan akwai shi, ku taɓa sunansa kawai.
5. Don zaɓar saƙonni da yawa a lokaci ɗaya, ku danne na farko har ya canza launi, sannan ku taɓa sauran.
6. Ku shiga sashen jeri ku buɗe wanda kuka haɗa. Don canza wa saƙo matsayi, ku riƙe alamar da ke gefensa ku ja shi sama ko ƙasa.

Akwai alamomi biyu da ya kamata kowa ya gane. Kibiyoyi biyu da suka gitta juna suna nufin gauraya: manhajar za ta riƙa ɗauko saƙo daga ko'ina. Wannan na waƙa ne, a kashe shi a jerin sanarwa da na darasi. Kibiyoyin da suka yi zobe kuwa maimaitawa ce, tana da amfani ga yaro mai hadda ko mai koyon gaisuwa da ƙirga da Turanci ko Tonanci.

Wajen cirewa kuma a karanta da kyau, ko a tambayi wanda ya iya. "Remove" cirewa ne daga jeri. "Delete" a kan fayil share shi ne daga wayar gaba ɗaya.

Ƙaramar waya da sifika

Yawancin ƙananan wayoyi masu madannai, da sifikun da ake sa wa kati, ba su san jerin da aka haɗa a VLC ba. A wurinsu folda ita ce jeri. Wasu ma ba sa bin suna ko lamba, suna bin yadda aka zuba fayilolin ne, na farkon shiga shi ne na farkon tashi. Idan kuka ga sifika tana tsallake tsari, ku kwashe fayilolin zuwa wani wuri, ku mayar da su ɗaya bayan ɗaya yadda kuke son a ji su.

Wani abin kuma, saƙon murya na WhatsApp sunansa yana ƙarewa da opus, kuma ƙananan na'urori da yawa ba sa buɗe irinsa, sai MP3. Goge ƙarshen sunan a rubuta mp3 ba ya gyara komai, sai an juya fayil ɗin a kwamfuta ko da manhajar da ke wannan aiki. Idan akwai dattijo a gida da ke amfani da ƙaramar waya, ku kawo katinsa teburinmu mu juya masa.

Sabo ya shiga, tsoho ya fita

Wannan dabara ta jera saƙonni ba baƙuwa ba ce a Ghana. A shekarar 2007 aka kafa ƙungiyar Literacy Bridge, wadda daga baya ta koma Amplio, ta ƙera wata 'yar na'ura mai batir da ake kira Talking Book, wato littafi mai magana. A shekarar 2009 aka fara gwada ta a ƙauyen Ving-Ving da ke jihar Upper West, daga baya aka yi aiki da ita tare da UNICEF a yankin Jirapa. Na'urar ba ta buƙatar karatu: madannanta hotuna ne, saƙonnin kuma an raba su jeri-jeri, na noma daban, na lafiya daban. Masu kula da ita suna da manhaja a kwamfuta inda suke loda sautuka su tsara su, kuma lokaci zuwa lokaci sukan sauke tsofaffin saƙonni su ɗora sababbi.

Abin koyi a nan shi ne saukewar. Jerin sanarwa ba rumbu ba ne da ake ta zubawa. Muna ba da shawarar kowane gida ya yi jeri guda mai suna YANZU, wanda ba zai wuce saƙo biyar ko shida ba, kuma abin da ke aiki a wannan wata kaɗai zai zauna a ciki. A zaɓi rana ɗaya a mako, a zauna minti goma, a yi abu uku: a sa sababbin da suka zo, a cire waɗanda ranarsu ta wuce, a saurari jerin tare. A ba mutum ɗaya wannan aiki, ɗan makaranta ko matashiya mai hannu a waya, amma sauraron na kowa ne, har da iyaye mata da tsofaffi. Sau da yawa wayar tana aljihun maigida ya tafi kasuwa, alhali sanarwar ta shafi mai goyo ce. Kati na biyu a cikin sifikar gida yana magance wannan.

Akwai bayanan da ba sa tsufa da wuri, waɗanda suka cancanci jeri nasu na dindindin. Misali, lambar kiran gaggawa a Ghana ita ce 112, kuma ana sabunta inshorar lafiya ta NHIS daga waya ta hanyar danna *929#. Wanda ya iya karatu ya ɗauki muryarsa yana faɗin irin waɗannan da harshen gida, a ajiye wa kowa.

Abin da ba ya shiga jeri

Jeri abin kunnawa ne a tsakar gida, kuma a gidan haya na Zango bango ba ya riƙe magana. Saƙon da ya ƙunshi lambar takardarku, dalilin barinku gida, sunan garin da danginku suke ɓoye, ko rashin lafiyar wani, kada ya shiga jerin da yara ke kunnawa. A ji shi da abin kunne, a ajiye shi a wuri dabam.

Haka nan idan za ku kai kati wurin masu tura waƙa da fim, ku kai wanda ba shi da komai na sirri. Duk abin da ke cikin kati ana iya kwafe shi cikin ɗan lokaci, kuma kwamfutar da kati da yawa ke shiga takan ɗauki cutar da ke ɓoye fayiloli. In za a kai waya gyara, a cire katin tukuna.

Ku yi hattara da saƙon da WhatsApp ya yi wa alamar kibiya biyu, wato an yi ta tura shi hannu zuwa hannu. Ba a san mafarinsa ba. Duk muryar da ta ce a tura kuɗi ta MoMo don rajista, ko don a sa sunan mutum a jerin masu tafiya ƙasar waje, ta 'yan damfara ce, ko da ta ambaci sunan hukuma. Ayyukan hukumar UNHCR kyauta ne, kuma babu ma'aikacin da zai nemi lambar sirrin MoMo ɗinku. Irin wannan saƙo kada ku tura shi gaba. Ku kawo mana mu ji.

Muryoyin gida

Sanarwa in ta ɓata, za mu sake ba ku. Waƙa da karatu akwai su a ko'ina. Amma muryar mahaifiya tana sa albarka, ko dattijo yana lissafa kakanni da iyakar gona, ko kuɗar bikin da aka yi kafin a watse, waɗannan ba su da madadi. Hausawa suka ce ajiya maganin wata rana.

Foldar GIDA ta zauna a wuri biyu aƙalla: a katin da ake amfani da shi kullum, da kuma wani katin da ba a taɓawa. Na biyun a naɗe shi a takarda, a sa a leda, a ajiye tare da takardun iyali, nesa da danshin damina da ƙurar hunturu. Wanda ke da ɗan'uwa amintacce a wani gari ya tura masa kwafi. A sa wa kowane fayil sunan mai magana da shekarar da ya yi ta, domin yaran da ke tasowa a Kumasi ba lallai su gane muryar ba nan da shekara goma. Bayan kowane wata shida a fito da katin ajiya a saurara, a tabbatar yana aiki, a ƙara masa sababbi.

Idan kuna neman taimako

Ku zo teburin bayanai da wayarku ko katinku a lokutan aiki. Za mu loda muku saƙonnin wannan wata, mu juya na ƙaramar waya zuwa MP3, mu nuna wa ɗaya daga cikin iyali yadda ake haɗa jeri, kuna kallo, kuma ba za mu buɗe foldar da ba ku ce a buɗe ba. Ba a biyan ko sisi. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba. Matambayi ba ya ɓata.